Macizai biyar a ɗaki ɗaya: sau nawa ya kamata a riƙa ɗaukar kowanne?

Wani mai karatu daga Rijiyar Zaki a Kano ya rubuto mana: "Assalamu alaikum. Ina kiwon macizai marasa dafi guda biyar a wani ɗaki da na ware a gidanmu: ƙananan mesoshi uku irin masu dunƙulewa, macijin gida ɗaya, da macijin masara ɗaya da aka kawo min daga Legas. Kullum bayan sallar isha'i nakan fito da su, wani lokaci bibbiyu, don kada su manta da ni su koma cizon mutane. Kwanan nan wata mesar ta amayar da ɓeran da ta haɗiye, wata ta daina ci, sabuwar da na sayo mako biyu da suka wuce kuma ko murfin akwatinta na ɗaga sai huci. Sau nawa ya dace in riƙa ɗaukarsu? Sannan wani mafarauci ya yi min tayin babbar mesa, in karɓa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Macijin da ya girma, yake da lafiya, yake cin abincinsa ba fashi, sau ɗaya zuwa sau biyu a mako ya ishe shi, minti 10 zuwa 15 kowane zama. Mai sanyin hali irin macijin masara yana jure sau uku. Kullum dai ya yi yawa, kuma aman nan da ƙin cin da hucin duk suna iya samo asali daga wannan ɗauka ta kowane dare.

Ka cire wa kanka tsoron cewa za su manta da kai. Maciji ba ya kewar mutum, ba ya neman shafa, a daji ma shi kaɗai yake rayuwarsa. Abin da kake samu daga gare shi sabo ne: ya gane warin hannunka, ya gane cewa in aka ɗaga shi ba cinye shi za a yi ba. Wannan sabon ba ya gogewa don an yi mako biyu ko uku ba a taɓa shi ba. Ita mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, a dazukan Afirka ta Yamma yawancin yininta a ramin ɓera ko tsohon suri take yinsa, sai dare ya yi ta fito neman abinci. Dabbar da halittarta ke nan, fito da ita ƙarƙashin ƙwan lantarki kowane dare wahala ce a wajenta, ko da ta yi shiru. Ɗaukar da ke amfanar maciji ita ce ta duba lafiyarsa, ta awo, da ta share masa wuri. Sauran jin daɗinka ne kai mai kiwo, kuma ba laifi ba ne, in dai an yi shi da ƙa'ida.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu macizai da yawa shi ne lissafa su a dunƙule, a ce "yau ranar fito da su ce". Kowanne da kalandarsa. A rana ɗaya kana iya samun biyu da za a iya ɗauka, ɗaya yana narkar da abinci, ɗaya ya shiga saɓa, ɗaya baƙo ne. Don haka ka manna ɗan kati a jikin kowane akwati, kana rubuta ranar da ya ci da girman abin da ya ci, ranar da ya yi saɓa, ranar da ya yi kashi, nauyinsa, da ranar da ka ɗauke shi. Da macizai biyar kai ba zai riƙe maka wannan ba. Kafin ka buɗe murfi, ka karanta katin.

Ci shi ne babban abin da ke hana ɗauka. Daga lokacin da maciji ya haɗiye ɓera, awa 48 cur ba a taɓa shi. In abin da ya ci babba ne har kumburin cikin bai sauka ba, ko ana sanyi, a kai awa 72. Dalili kuwa, maciji ba ya tauna abinci, gaba ɗaya yake haɗiye shi da gashi da ƙashi, sannan ya nemi wuri mai ɗumi ya kwanta ciki ya yi aikinsa na kwanaki. A wannan halin ya yi nauyi, ba ya iya gudu. In ya ji an ɗaga shi, abin da jikinsa ya sani shi ne ya fitar da kayan ya sami damar tserewa. Aman maciji ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwan cikin da ya taso tare da ɓeran yana ƙona masa maƙogwaro, kuma yana rasa ruwan jiki da yawa. Ita wadda ta yi aman, ka ba ta mako biyu ba abinci, ba ɗauka, sai ruwa mai tsabta a gabanta. Bayan nan ka ba ta ɓera rabin girman wanda ta saba, ka bar ta kwana uku. In ya zauna, na gaba ka ƙara girma kaɗan. In ta sake amai, magana ta wuce ɗauka, sai likitan dabbobi ya duba kashinta, don tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin cuta suna kawo haka. Ka kuma duba abubuwa biyu: kada kaurin ɓeran ya wuce wurin da ya fi kauri a jikinta, kuma ɓangaren ɗumi na akwatin ya kasance digiri 30 zuwa 32, ɓangaren sanyi 25 zuwa 27. Ciki mai sanyi ba ya narkar da abinci, ruɓewa yake yi.

Tun da maganar ɓera ta zo: kada ka ba su ɓeran da aka kama a gida ko a kasuwar hatsi. Ba ka san wanda ya ci shinkafar ɓera ba, kuma gubar tana wucewa ga wanda ya cinye shi. Ka kiwata naka ko ka saya wajen masu kiwo.

Ranar ci ma kanta ba ranar ɗauka ba ce. Da warin ɓera ya cika ɗakin, duk biyar ɗin za su shiga halin farauta, kuma mesa tana da ƙananan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin jiki da su. Hannu mai ɗumi da warin ɓera, a wajenta abinci ne. Yawancin cizon da masu kiwo ke sha daga nan yake fitowa, ba daga mugunta ba. Ka miƙa abinci da dogon hantsaki. Shi ya sa muke ganin ya fi sauƙi ka haɗa ciyarwarsu a rana ɗaya. A ce daren Juma'a ne: Juma'ar ba ɗauka, Asabar da Lahadi ba ɗauka, daga Litinin zuwa Alhamis kake da fili. Ka ɗauki ɗaya ko biyu a rana, ba duka ba. Litinin macijin masara da macijin gida, Talata mesa ɗaya, Laraba wata in sun koma cin abincinsu daidai, Alhamis a maimaita wa wanda ya fi sakin jiki. Manyan mesoshi da ke ci sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 suna da mako guda a tsakani da babu ci, nan za ka iya ƙara musu zama ɗaya. Ƙanana masu ci duk kwana 5 zuwa 7 filinsu kaɗan ne, kuma sun fi tsoro, minti biyar sau ɗaya a mako ya wadatar har su yi ƙwari.

Sai saɓa. Alamarta ta farko fata ta dusashe, cikin mesa ya ɗan yi ja-ja, sannan idanu su yi hazo, su koma shuɗi-shuɗi. A kwanakin nan maciji ba ya gani sosai, sabuwar fatar da ke ƙasa kuma ba ta nuna ba, don haka yana saurin tsorata da kai cizo. Bayan 'yan kwanaki idon zai washe, kuma a nan mutane ke ruɗuwa su ɗauka an gama. Ba a gama ba, sai bayan kwana uku zuwa biyar da washewar zai tuɓe. Daga ranar da ka ga dusashewar har ya fita daga tsohuwar fata, mako ɗaya zuwa biyu ke nan, ka bar shi.

A Kano matsalar saɓa hunturu ne. Mesa mai dunƙulewa tana son danshin iska wajen kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, lokacin saɓa har 70, iskar Disamba da Janairu kuwa a bushe take ƙarau. Sai ka ga fatar ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a kan ido, wata ta yi zobe a ƙarshen wutsiya. Zoben nan in ya taru yana tsayar da jini har bakin wutsiyar ya mutu. Maganinsa kafin ya faru: robar abinci mai murfi, a huda mata ƙofa a gefe, a sa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta da aka matse, a ajiye a ɓangaren ɗumi, ana sake jiƙawa kullum. In ta riga ta maƙale, ka sa shi a ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai kai rabin kaurin jikinsa ba na minti 20, kana tsaye a kansa, sannan ka bar shi ya ratsa ta cikin jiƙaƙƙen tawul a hannunka. Kada ka ɓare da farce. Ta kan ido kuma ka bar wa likita, domin da yawa sun makantar da macizansu a ƙoƙarin cire ta.

Sabuwar mesarka ita ta fi damunmu, kuma ba don hucin ba. Huci a mako na biyu daidai ne, tsoro take ji. Ka sa mata maɓoya biyu masu matse jiki, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, ka rufe gefe uku na akwatin da kwali, ba ka taɓa ta sai don canza ruwa. Sai ta ci sau biyu ko uku a jere sannan ka fara da minti biyar. Abin damuwar shi ne ka shigo da ita ɗakin da sauran suke, kana kuma ɗaukar wannan ka ajiye ka ɗauki wancan. Sabon maciji killace shi ake yi a wani ɗaki dabam, kwana 60 zuwa 90, da kwanon ruwansa, da hantsakinsa, da tsummansa. Ka shimfiɗa masa farar takarda a maimakon dusar katako, don duk abin da ya faɗo daga jikinsa ka gani. Irin mesoshin nan da ake sayarwa a ƙasar nan sau da yawa kamun daji ne, sukan zo da kaska a tsakanin ɓawon fatarsu da tsutsa a ciki.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini, girmansu bai wuce ɗigon biro ba, suna taruwa a gefen ido, ƙarƙashin haɓa da bakin dubura. In ka ga maciji ya tare a kwanon ruwa ba ya fita, ko ka ga baƙaƙen ɗigo a ƙasan ruwan, ko bayan ka ajiye shi ka ga ɗigo na tafiya a hannunka, su ne. A hannunka da hannun rigarka suke hawa su koma akwati na gaba. Haka ciwon huhu na mesoshi da wasu cututtukan da ba su da magani suke yawo a ɗaki ta hannun mai kiwo. Don haka jerin ɗauka yana da muhimmanci: masu lafiya da suka daɗe a wajenka su ne farko, wanda ake shakkarsa a baya, baƙo a ƙarshe, ka kuma canza riga bayansa. Tsakanin kowane biyu ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ɓeran da wani ya ƙi ci ba a miƙa wa na kusa da shi. In ka ga ƙwarin, kada ka kuskura ka yayyafa fiya-fiya ko ka fesa maganin sauro a ɗakin, zai kashe macizan kafin ya gama da ƙwarin. Ka kwashe shimfiɗar ka ƙone, ka wanke akwatin da ruwan zafi, ka nemi likita ya rubuta magani da adadinsa, kuma ka sani aikin makonni ne, don ƙwayayensu na ci gaba da ƙyanƙyashewa a lungunan akwati.

Fito da biyu tare da kake yi, ka daina. Ban da yaɗa cuta, hannu biyu kake da su, kuma maciji ɗaya yana buƙatar duka biyun. Kana warware wannan daga wuyan hannunka, macijin gida ya sulale ya shige ƙasan kujera ko ta ƙarƙashin ƙofa. A unguwa irin taku, macijin da ya leƙa gidan maƙwabta ba wanda zai tsaya tambayar ko yana da dafi, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Kafin ka buɗe akwati ka rufe ƙofa da taga, ka toshe ƙasan ƙofar da tsumma.

Yanayin gari ma yana canza lissafi. Maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, na wurin da yake yake ɗauka. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kada ka riƙe shi da rana, kada ka fita da shi tsakar gida ka ajiye a kan siminti, mintoci kaɗan sun isa su illata shi. Da sassafe ya fi. A hunturu kuma, in aka ɗauke wuta cikin dare akwatin ya huce, maciji mai sanyin jiki ba a ɗaukarsa ba a ciyar da shi sai ɗumi ya dawo ya daidaita. Ko da wuta, minti biyar ya isa a ɗaki mai sanyi, ba a kan tayil ba, ba a gaban fanka ba. Bayan isha'i da ka zaɓa shi ne daidai lokacin da mesa ke fara neman abinci. In ba a bazara ba, tsakanin la'asar da magariba ya fi kwanciyar hankali.

Wajen ɗagawa, kada hannunka ya sauko ta saman kansa, don ta nan shaho ke zuwa. Ka fara shafa tsakiyar jikinsa da sanda mai ƙugiya ko naɗaɗɗiyar takarda, ya san cewa ba abinci ne ya zo ba. Sannan ka zura hannu ta gefe, ka tallafo tsakiyar jiki, ɗaya hannun ya tallafi baya. Ba a kama wuya, ba a ja ta wutsiya, ba a matsewa. Ka bar shi yana ratsawa daga hannu zuwa hannu, kana zaune, don faɗuwa daga tsaye tana karya haƙarƙari. In ya nannaɗe ka, daga wutsiya ake warwarewa. Wanda ya saki jiki za ka ji shi laushi, yana tafiya a hankali, yana zaro harshe jefi-jefi. Wanda ya takura zai ƙame, numfashinsa ya yi sauri har ka ga gefen jikinsa na hawa da sauka, ya lanƙwasa wuya ya ja kai baya, ko ya sake maka ruwa mai wari ta dubura. Macijin masara yakan karkaɗa wutsiya. Mesa kuwa dunƙulewa take yi ta cusa kai a tsakiya, mutane su ce ai ta yi lamo tana jin daɗi, alhali matuƙar tsoro ke nan a wajenta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ka mayar da ita, ka ƙara mata kwanaki. In aka cije ka ya riƙe, kada ka fizge, haƙoransa baya suka lanƙwashe, za ka yage fatarka ka karya masa haƙori. Ka zuba masa ruwan sanyi a kai zai saki, ka wanke wurin da sabulu ka sa aidin.

Ka mai da zama ɗaya a mako ya zama na dubawa. Baki a rufe ruf, ba kumfa ba majina, ba ƙarar numfashi. Fatar ciki a tsabtace tas, ba jan tabo ko ruwan ƙasa da ke nuna shimfiɗa ta jiƙe ta fara cin fata. Dubura ba kumburi. Sau ɗaya a wata ka ɗora shi a roba a kan sikelin kicin ka rubuta nauyin.

Sikelin ne zai gaya maka gaskiyar wadda ta daina ci. Irin mesoshin nan, musamman manya, sukan yi watanni ba su ci ba a lokacin sanyi, kuma ba komai in nauyinta na nan. Ka daina ɗaukarta gaba ɗaya, ka duba ɗumi da maɓoya, ka gwada mata abinci sau ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, da dare, fitila a kashe. In ta rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, ko ƙashin bayanta ya fara fitowa, ka kai ta asibitin dabbobi da ɗanyen kashinta a leda. Ba kowane likita ya saba da macizai ba, ka tambaya tukuna, in ta kama a tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Game da mutanen gida: macizai masu lafiya ma suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu, tana sa gudawa da zazzaɓi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi da marasa ƙarfin garkuwar jiki kada su taɓa. Ba a wanke kwanon ruwansu a inda ake wanke-wanke. Abokai masu zuwa ɗaukar hoto ana miƙa maciji hannu zuwa hannu, wannan zaman ɗaya ya fi ɗauka uku wahalar da shi.

Babbar mesar kuwa, kada ka karɓa. Irin wannan babbar mesa, wato mesar dutse, tana wuce mita huɗu, kamun daji ba ta sabo da sauƙi, cizonta yana kai mutum ga ɗinki, kuma duk wadda ta haura mita biyu da rabi ba a buɗe mata wuri sai da mutum na biyu a tsaye, ba a kuma ɗora ta a wuya ko da wasa. Ga doka: mesoshi na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, Nijeriya kuma tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016, saboda haka ko waɗanda ke hannunka ya kamata ka je ma'aikatar muhalli ka san matsayinsu. In mafaraucin ko wani gardi ya kawo maka kumurci, kasa ko kububuwa ya ce an cire haƙori, haƙoran dafi suna sake fitowa. Kububuwa, da ba ta kai tsawon hannu ba, ita ce ta fi kai mutane asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.